Hoton Mai Taɓin Hankali a Fim da Aikin da ke Gaban Malamin Hausa

1.0 Gabatarwa

Akwai cututtukan da Bahaushe ke faɗin sunansu a bainar jama'a, 'yan'uwa su yi ta sintirin dubiya da kwanukan kunu, akwai kuma waɗanda ake ja wa ƙyaure. Taɓin hankali yana cikin kashi na biyu. Gidan da aka sami mai wannan lalura sukan yi iyakar ƙoƙarinsu su ɓoye shi, saboda tsoron kada a ce abin na gado ne, 'yan matan gidan su rasa manema. Sai dai kuma cutar da ba a son ambatonta a zaure ita ce ake yawan kallo a fim, yara da manya, a yi dariya a tashi.

Wannan babi zai duba yadda fim ke nuna mai taɓin hankali, da wasu finafinai da suka sa jama'a suka buɗe baki a kan al'amarin, sannan abin da ya rage ga malamin Hausa, musamman wanda za a tura karkara irin ta Musawa da sauran ƙasar noma ta Malumfashi da Funtuwa. Abin da ake so ɗalibi ya lura da shi shi ne, iyakar abin da fim zai yi ya ta da magana. Amfanin maganar kuwa ya danganta ne ga kalmomin da aka yi ta da su, da kuma wanda ya ja akalarta.

2.0 Kalmomin Bahaushe a Kan Lalurar Hankali

Kafin a shiga batun fim, ya kamata a fara da harshe, tun da shi ne kayan aikin malami. Kalmar da ta fi kowace yawo ita ce hauka, kuma Bahaushe ya faɗaɗa ta har ta wuce cuta. Yakan ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, alhali ba cuta yake nufi ba, borin kunya yake nufi. Idan ana son sakayawa sai a ce wane ya taɓu, ko ya zautu, ko yana da motsi, ko kansa ba daidai yake ba. Idan kuma ana son faɗin sanadi sai a ce bugun iska ne, ko aljanu suka shafe shi, ko sammu aka yi masa, ko kurciya aka yi masa ya bar gida ya shiga duniya. Har ila yau akwai kalmomin da suka shafi tsarewa, wato turu da mari da sarƙa. Yawan waɗannan kalmomi ya nuna cewa Bahaushe ya daɗe yana lura da wannan cuta. Masanin tarihin nan Murray Last, wanda ya rubuta littafi a kan Daular Sakkwato, ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970 yana nazarin yadda suke fassara cuta da magani, kuma daga baya ya yi rubuce-rubuce a kan hauka a ƙasar Hausa.

Inda giɓin yake shi ne, kusan duk kalmomin nan suna nuni ne ga wanda ciwonsa ya fito fili, wanda ya yar da tufa, yake sambatu, ko yake duka. Likitocin ƙwaƙwalwa kuwa sun nuna cewa irin wannan shi ne mafi ƙaranci. Mafi yawan masu lalurar suna cikin gida, suna noma, suna kasuwa, suna aji. Akwai mai ciwon damuwa, wanda ƙunci ke danne shi makonni ko watanni har barci da cin abinci da sha'awar komai su gagare shi. Akwai mai zullumin da ba ya yankewa. Akwai wanda ya ga tashin hankali, abin ya riƙa dawo masa a farke da cikin barci. Akwai mai jegon da hankalinta ke gushewa bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, yana ɗauke da wani nau'i na lalurar ƙwaƙwalwa. Da hauka irin na kasuwa ake nufi, da babu mai yarda da wannan adadi. Farfaɗiya kuma, wadda ake yawan haɗawa da iskoki, ciwo ce ta jijiyoyin ƙwaƙwalwa mai magani, ba hauka ba ce, kuma ba a ɗaukarta ta hanyar taɓa yawun mai ita.

3.0 Darasi Daga Majigi

Amfani da fim don wayar da kai ba baƙon abu ba ne a wannan yanki. Tun ƙarshen shekarun 1920 wani jami'in kiwon lafiya Bature mai suna William Sellers ya fara nuna finafinan tsabta a Legas, a 1939 kuma aka kafa sashen finafinai na ƙasashen da Ingila ke mulka, aka ba shi shugabancinsa. Daga nan ne majigi ya samo asali. Mota ce ke zuwa gari da injinta, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, bayan sallar isha jama'a su taru. Cikin finafinan da dattawa ke tunawa akwai Baban Larai, wanda aka ɗauka a Daudawa a shekarun 1950 domin koyar da noman auduga.

Majigi ya fi mayar da hankali ga cututtukan jiki da noma da biyan haraji. Amma akwai abu ɗaya da ya kamata a ara daga gare shi. Ba a barin hoto ya yi magana shi kaɗai. Akwai mai sharhi da ke riƙe da lasifika yana fassara wa mutane abin da suke gani da Hausa, yana sa raha inda ya dace, yana jan kunne inda ya dace. A yau fim ya bar ƙofar fada, ya bar ma gidan kallo, ya koma cikin wayar hannu. Yaro yana kallonsa shi kaɗai a soro, babu mai sharhi.

4.0 Mahaukacin Finafinan Hausa

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, finafinan bidiyo na Hausa suka zama adabin da ya fi kowane isa ga talaka, har wanda bai taɓa riƙe littafi ba. Idan aka yi nazarin yadda suke fito da mai taɓin hankali, za a ga kamanni uku ne suka fi yawa.

Na farko shi ne mahaukacin ban dariya. Akan sa masa tsumma, a cukurkuɗa masa gashi, a shafa masa toka, a rataya masa gwangwanaye, a ajiye shi a kan juji. Ba shi da suna, ba shi da uwa, ba a san inda ya fito ba. Aikinsa ya kori mutane da gudu, ko kuma ya faɗi gaskiyar da masu hankali suka kasa faɗi.

Na biyu, wanda ya fi na farko illa, shi ne haukan sakayya. Muguwar kishiya ko uwar miji ko mai kuɗin tsafi za su yi ta tafka ta'asa tun daga farkon fim, idan an zo ƙarshe sai asiri ya koma kan mai shi, a gan ta tsakiyar kasuwa ba ɗankwali tana tona wa kanta asiri. Ta fuskar zubi da tsari, wannan dabara ce mai sauƙi ta warware jigo. Marubuci ya rasa yadda zai hukunta mugu ba tare da kotu da shaidu ba, sai ya haukata shi. Amma a duba abin da mai kallo ya tashi da shi. Ya koyi cewa hauka hukunci ne, saboda haka duk wanda ya gani a turu akwai abin da ya shuka. Matar da ta sami taɓuwa bayan haihuwa, wadda ba ta zalunci kowa ba, ita za ta biya bashin wannan darasi a bakin maƙwabta.

Na uku shi ne haukan da ke warkewa nan take. Saurayi ya zautu don an hana shi budurwa, da ya gan ta sai ya yi atishawa ya dawo hayyacinsa. Ko kuma a tono layar da aka binne, a ƙona, mara lafiya ya miƙe yana tambayar inda yake. A zahiri jinyar irin wannan ciwo takan ɗauki watanni, wani lokaci shekaru, ciwon ya lafa ya kuma tashi. Iyalin da suka saba da warakar fim, idan suka yi mako biyu suna ba da maganin asibiti ba su ga canji ba, sai su ce ba ciwon asibiti ba ne, su jefar da shi.

Ba za a ɗora wa masu fim laifin duka ba. Abin da jama'a suka riga suka yarda da shi suke sayar musu, kuma jarinsu bai kai na neman shawarar likita ba. Haka kuma ba ana cewa a cire addu'a da ruƙiyya daga labari ba ne, domin suna cikin rayuwar masu kallo. Abin da ake nema shi ne a riƙa nuna uban da ya kai ɗansa wurin malami ya kuma kai shi asibiti, ba tare da an mai da ɗayan abokin gabar ɗayan ba. Finafinai masu dogon zango sun fi samun sararin yin haka. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta kawo shirin Daɗin Kowa, wanda ya taɓo shaye-shayen matasa da tsattsauran ra'ayi. Shirin da ake bi mako-mako yana iya nuna yadda yaro ke zamewa sannu a hankali, abin da fim na awa biyu ba ya iyawa.

5.0 Finafinan da Suka Ta da Magana

Tsohon misali ya fito ne daga maƙwabta. A 1955 Bafaranshe Jean Rouch ya fitar da Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a Akara cikin 'yan ci-rani daga Nijar. Fim ɗin yana nuna wani nau'in bori da ya ɓulla a yankin Filinge wajen 1925, wanda sunansa ma Hausa ne, wato Hauka. Iskokinsa suna zuwa ne da siffar Turawan mulki, gwamna da janar da sauransu. An ga mutane suna kumfar baki, idanu sun juye. Amma a ƙarshen fim ɗin sai aka nuno su washegari suna bakin aikinsu lafiya lau, wasu ma suna haƙa rami a gaban asibitin mahaukata. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a can, 'yan bokon Afirka da yawa kuma suka ƙi shi, suna ganin ya tozarta baƙar fata. Darasi biyu ke ciki. Hawan iska daban yake da ciwon ƙwaƙwalwa, ko da yake a ido sukan yi kama. Sannan mai riƙe da kyamara yana iya tozarta mutum ko da ba da nufi ba.

A Nijeriya kuwa, Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, a 1954. Maimakon a kulle marasa lafiya, sai aka riƙa saukar da su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa da ɗan'uwansa mai jinya, ana kuma aiki tare da masu maganin gargajiya. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi fim a kan wannan tsari a shekarun 1960 mai suna The Healers of Aro.

Misalin da ya fi kusa da mu, ya kuma fi ƙarfi, shi ne fim ɗin bincike na BBC mai suna Sweet Sweet Codeine, wanda aka saki a ƙarshen Afrilun 2018. 'Yar jarida Ruona Meyer, wadda ɗan'uwanta ya faɗa shan kodin, ita ta gabatar da shi. An ɗauki hoton ma'aikatan wasu kamfanonin magani a asirce suna sayar da maganin tari mai kodin ta bayan fage. An kuma shiga wata cibiyar gyaran hali a Ɗorayi ta Kano, aka nuno samari a ɗaure da sarƙa a ƙasa. Kafin fim ɗin kowa ya san ana shan kodin. Tun 2017 aka faɗa a Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, aka ji aka wuce. Amma gani ya kori ji. Ranar 1 ga Mayu, 2018, Ministan Lafiya Isaac Adewole ya sanar da hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Gwamnati ta ce dama akwai kwamitin da ke aiki a kan batun, kuma gaskiya ne, amma ba wanda ke shakkar abin da ya gaggauta sanarwar.

Sai dai a lura da abin da maganar ta kama da abin da ta bari. Ta kama kwalba, ta bar sarƙa. Sai da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a Satumbar 2019, suka fito da mutum sama da 300, sannan wani a Daura a watan Oktoba, hotunan ƙafafu masu miki suka cika wayoyi, aka fara tambayar dalilin da ya sa iyaye ke kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare da hannunsu, har su biya kuɗi. Amsar ba ta da daɗi: ba su da wani wurin. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba a farkon shekarun 2020, kuma akasarinsu suna manyan birane. Rahoton da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a Nuwambar 2019 ya nuna cewa ɗaure masu taɓin hankali bai tsaya ga gidajen mari ba, ana yi a majami'u da wuraren masu maganin gargajiya, har da wasu cibiyoyin gwamnati. Dokar da ƙasa ke aiki da ita a lokacin ta 1958 ce, wadda ta samo asali daga ta 1916. Sai a Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta tanadi haƙƙoƙin mara lafiya.

Finafinan Indiya, waɗanda Bahaushe ya daɗe da ɗauka kamar nasa, suna da nasu misalan. Tere Naam na 2003, wanda Salman Khan ya fito a ciki, ya ƙara kafa hoton mahaukacin soyayya mai aski ƙwal da sarƙa. Dear Zindagi na 2016 kuwa ya nuna budurwa mai sana'arta da ƙawayenta tana zuwa wurin mai ba da shawara, ba tare da ta yar da tufa ba. Amma wanda ya fi dacewa da ɗalibin kwalejin ilimi shi ne Taare Zameen Par na 2007, labarin yaro ɗan shekara takwas da haruffa ke rikice masa, gida da makaranta suka yanke masa hukuncin daƙiƙanci da taurin kai, har malamin zane ya gano matsalarsa. Lalurar yaron ba taɓin hankali ba ce, wahalar karatu ce. Amma ƙuncin da ya shiga saboda duka da gori, har ya daina magana, shi ne abin kallo.

Akwai kuma inda fim ke yin ɓarna da sunan wayar da kai. Shirin Amurka mai suna 13 Reasons Why na 2017 ya nuna yadda wata ɗaliba ta kashe kanta dalla-dalla, masana suka yi ta kuka, har kamfanin Netflix ya yanke wurin a 2019. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora ga masu shirya fim, inda ta ja kunnensu kada su nuna hanyar da aka bi, su kuma riƙa nuna wanda ya shiga ƙunci ya nemi taimako ya tsira. Wannan gargaɗi ya fi nauyi a ƙasar noma, inda kusan kowane gida akwai maganin feshi a rataye.

6.0 Malami a Matsayin Mai Sharhi

A ɗauka an tura ɗalibi koyon aikin koyarwa a Musawa ko Jiƙamshi. Ajin da zai tarar ba irin na shekarun baya ba ne. Hare-haren 'yan bindiga sun addabi kudancin Katsina shekara da shekaru. A Ƙanƙara, wadda ba ta da nisa, an kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya a daren 11 ga Disamba, 2020, aka sako 344 bayan kwana shida. A cikin ajin akwai yaron da ya kwana a gona yana jin harbi, akwai yarinyar da aka sayar da shanun gidansu aka fanso mahaifinta. Irin wannan yaro yakan firgita idan ƙyaure ya buga, ko ya riƙa gyangyaɗi don bai yi barci ba, ko ya zama mai faɗa bayan da ba haka yake ba. Akwai kuma saurayin da ya fara haɗiyar tiramol don ya jure ƙwadago a gonar wani, yanzu ba ya iya fita sai da ita. Babu ko ɗaya cikinsu da ya yi kama da mahaukacin fim, shi ya sa ba a ganin su.

Nazarin fim yana cikin darussan adabin zamani, don haka malamin Hausa yana da ƙofar shiga da malamin lissafi ba shi da ita. Ba sai ya nuna fim gaba ɗaya ba. Fitowa ɗaya ta minti biyar ta isa, ko a waya ce, muddin ya riga ya kalle ta shi kaɗai, ya tabbata babu harbi ko zubar jini ko kashe kai a ciki. Bayan kallo sai ya yi tambayoyin da aka saba yi a nazarin taurari. Mene ne sunan wannan mutum? Wa ya haife shi? Me yake yi kafin ya kwanta? Wa ke ba shi abinci? Idan fim ɗin bai ba da amsa ba, rashin amsar shi ne darasin ranar. Daga nan sai a sa ɗalibai su sake rubuta fitowar, su ba shi suna da dangi da sanadi, su kuma nuna wanda ya fara lura da canjinsa. Za a iya kuma rubuta kalmomin sashe na biyu a allo, a tambayi aji wacce za su so a kira ɗan'uwansu da ita. A nan ne bambancin mahaukaci da mara lafiya zai fito daga bakinsu, ba daga bakin malami ba.

Akwai iyakoki da bai kamata a ƙetare ba. Kada malami ya kawo misali da wani sananne a garin, ko ya bari ɗalibai su kawo, domin a ƙaramin gari kowa ɗan'uwan wani ne. Kada ya tilasta wa yaro ba da labarin abin da ya same shi. Kada kuma ya mai da kansa likita ya riƙa raɗa wa yara sunayen cututtuka. Idan yaro ya biyo shi bayan an tashi ya ce, "Malam, abin nan da aka nuna, haka yayata take yi," to ya saurare shi ba tare da dariya ko wa'azi ba, ya sanar da shugaban makaranta, sannan a sami iyayen cikin sirri da girmamawa. Matakin farko shi ne babban asibiti mafi kusa, su ne za su tura gaba idan da bukata. Asibitocin ƙwaƙwalwa da mutanen wannan yanki suka fi zuwa su ne na Barnawa a Kaduna da na Dawanau a Kano, akwai kuma sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Ranar 10 ga Oktoba ta kowace shekara, tun daga 1992, ita ce ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya, kuma tana faɗowa ne cikin zangon karatu na farko. Ƙungiyar Hausa ta makaranta tana iya shirya fitowar da ɗalibai suka sake rubutawa, a nuna ta a wannan rana a gayyaci iyaye.